Idon Malam da Bindiga Mai Madubi

Ni na ɗora duman a bayan bindigar, ba wanda ya sa ni. Malam, maigidana, ya riga ya kife turmina a garka, ya kwantar da ita a kai, ya tokare gindinta da buhun ƙaiƙayi, bakinta yana kallon tsohon kangon da ba kowa a ciki. Ya ɗaura doguwar igiya a jikin kunamar, yana warware ta zuwa bayan rumbu. Haka maƙera suke yi wa sabuwar bindiga. Ba a fara harba ta a kafaɗa, sai an ja ta da igiya daga nesa, in za ta fashe ta fashe ita kaɗai.

Ya waiwayo ya gan ni a tsugune.

"Ke, me duma yake yi a nan?"

Na ce, "Kanka ne."

"Kaina?"

"Buhun nan ba shi ne kafaɗarka ba? To ga kanka. Ba a nan ka ce za ka manna ido ba?"

Busasshen duma ne da na fafe bakinsa na cika shi da jiƙaƙƙen yashi, don ya yi nauyin kan mutum. Na aza shi a kan buhun, na matsa da shi har ya taɓa bakin bututun tagullar da Malam ya ɗora a saman bindigar, wanda yake kira madubi.

Ya ce, "Naki kan ne ya cika da yashi. Taso daga nan."

Na taso. Muka raɓe a bayan rumbu, shi a gaba ni a bayansa. Tun da safe an gaya wa maƙwabta su riƙe 'ya'yansu da awakinsu, don mu a nan katangar wani ita ce ta wani. Ya yi bisimilla ya fizgi igiyar.

Ƙarar har cikin haƙorana na ji ta. Kaji suka watse, jakin maƙwabci ya kama kuka, hayaƙi ya rufe garkar. Malam bai jira ya washe ba, ya tafi da sauri yana tari. Ya ɗaga bindigar, ya shafa ta daga baki har gindi, ya juya ta, ya shinshina.

"Alhamdu lillahi! Ba ta tsage ba. Ko gashi ba ta yi ba. Zo ki gani!"

Ni ba ita na je gani ba. Duman ya gangara gindin zogale. Na ɗauko shi, na juyo da fuskar da ta kalli madubin. Rami ne zagayayye, tsaf, kamar wanda aka zauna aka yanka da wuƙa, yashi yana zubowa ta ciki. Na zura babban yatsana ya shige gaba ɗaya. Na kai masa har gaban hanci.

Ya duba, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Duma ba shi da wuya. Buhu kuma ba ya tokarewa. Mutum yana da ƙashi."

"Ido yana da ƙashi?"

Ya naɗe igiyarsa, ya saɓi bindigar ya shige maƙera.

Ido ɗaya ne da Malam. Na hagu ya tafi tun ina goyon 'yarmu ta fari, ɓarɓashin ƙarfe ne ya yi tsalle daga uwar maƙera ya shige, ya bar shi fari fat. Da na daman ya yi ƙirarsa duk tsawon zamanmu, fartanya, lauje, garma, da bindigogin maharba in sun kawo gyara. Da tsufa ya zo sai yanar ido ta rufe na daman ma. Aka yi shuka aka girbe, aka sake yi, Malam yana zaune a zaure ba ya bambance dare da rana. Ni nake ja masa sanda zuwa masallaci, in tsaya a waje kamar mai jiran sadaka. Ni nake sa masa hannu a kwanon tuwo. Ni nake riƙe masa buta in kai shi bakin masai, in juya baya in jira ya ce ya gama. Mutumin da bai taɓa yarda na gan shi ba hula ba. Wata rana na ji shi a ciki yana kuka ƙasa-ƙasa, na yi kamar tari ya sarƙe ni don kada ya san na ji.

Daga baya 'ya'yanmu suka kai shi asibitin ido a Kano aka kankare yanar, aka sa masa wani ɗan gilashi a ciki. Ina zaune likitan ya ce masa, "Baba, wannan shi kaɗai ne ya rage maka. Kada ka bari komai ya buge shi. In ya fashe ba abin da za mu iya yi." Malam ya ce to. Da muka fito yana ta karanta rubutun jikin motoci da ƙarfi kamar yaro. Ni a lokacin ban ma fara zuwa ajin manya ba, ban san ko daidai yake karantawa ba, amma na bar shi.

Da idon ya dawo, abin da ya fara tsayawa a kai shi ne hoton babansa. Tsohon hoto ne da ya yi ja, yana cikin akwati tun da aka kawo ni gidan. Baban ya yi soja a yaƙin Turawa, can ƙasar Bama. Ga shi nan a tsaye da gajeren wando, ya dogara wata doguwar bindiga a ƙasa, mai katako har kusa da baki, da wani bututu kwance a samanta. Malam ya ce wannan ta maharban nesa ce, waɗanda suke hango mutum tun yana kamar ƙuda. Ya ce sai ya yi irinta. Cikinta dai bindigar toka ce irin ta maharbanmu, a ɗura ta baki a harba sau ɗaya, amma a ido sai ta zama ta hoton sak.

Rani guda ya ƙare a kanta. Katakon kirya ya samo ya yi ta fiƙewa yana gwadawa da hoton, yana shafa masa man gyaɗa har ya yi baƙi yana sheƙi. Madubin kuma a wajen 'yan gwangwan ya samo wani tsohon tabarau na hangen nesa, mai ido biyu, ya raba shi, ya zare gilasan ɓari guda ya jera su a bututun tagulla. Ban hana shi ba. Na ga mutum ya tashi daga zaure, yana cin abinci yana ƙari, me zan hana? Sai ranar da na gan shi ya saɓa ta a kafaɗa, ya tura idon nan cikin bututun har fatar girarsa ta naɗe, yana cewa, "Kai! Ga kurciya can a kan rimi, har jan ƙafarta nake gani." Ranar gabana ya faɗi. Na girma a gidan maharba, na san yadda bindigar toka take shura. Duk maharbin da na sani, in zai ja kunama miƙe hannu yake ya kau da fuska gefe. Ba don tsoro ba, haka aka koya musu.

Kuma ga gasa tana zuwa. Mu a nan daji ya ƙare. Daga ƙofarmu har Tsanyawa gona ce take bin gona, ko zomo sai an yi sa'a. Maharba sun rasa abin harbi in ba gafiya ba, shi ne suke taruwa bayan an gama kai amfanin gona gida, a busasshen rafi inda gaɓa take da tsawo, su rataye ƙwarya su yi ta gwada hannu. Wanda ya fasa ta daga nesa masu garaya su yi ta wasa shi har shekara ta zagayo. Malam ya ce su duk kuskurewa suke saboda suna harbi suna kallon gidan surukansu. Shi zai harba idonsa a kan ƙwarya, kamar yadda babansa ya yi.

Washegarin gwajin na ajiye duman a inda yake alwala. Ya ɗauke ya mayar bayan randa. Na dawo da shi. Muka yi ta haka ba mai cewa uffan.

Da na ga shiru ba zai yi ba na same shi a maƙera.

"Ka matsar da bututun gaba, ya yi nisa da fuskarka."

"Na gwada."

"To?"

"Zo ki leƙa."

Na leƙa daga ɗan nesa, duhu kawai da wani ɗigon haske kamar ƙofar allura. Na matsa, na matsa, sai da gashin idona ya taɓa gilashin sannan bishiyar ɗorawar da ke ƙarshen gonarmu ta faɗo min a fuska, ganye-ganye. Na ja da baya da sauri.

Na ce, "To cire shi."

"In na cire ta zama ta kowa."

"To ka bar shi don ado, ka kau da kai in za ka harba, kamar mutane."

"In zan kau da kai me ya kai ni ɓata rani guda?"

"Rage albarushin."

"In na rage ba za ta kai ƙwaryar ba. Ke, ki bar ni in yi aiki."

Na koma ɗaki na yayyaga tsohon zane na naɗa ɗan gammo, na ɗinke shi, na kawo na ce a sa a bakin bututun. Wannan kam ya karɓa, har ya yaba ɗinkin. Muka sake kife turmi, na sake cika wani duman da yashi. Wannan karon bai huje ba. Tsagewa ya yi daga sama har ƙasa, ya rabe biyu a kan buhun.

Malam ya ce, "Kin ga an samu sauƙi."

Na kalle shi kawai. Wallahi da ba mijina ba ne da na kwaɗa masa ɓarin duman.

Na kira babban ɗanmu a waya na faɗa masa. Ya ce a ba shi Baba. Ina jin Malam yana "to, to, madalla, Allah ya yi albarka," ya miƙo min wayar ya koma ga magagarinsa.

Sai na yafa mayafi na tafi wajen Sarkin Baka, shugaban maharban yankinmu. Sa'an 'ya'yanmu ne, yana ce min Inna. Ya taɓa bin sojoji aikin sintiri, ya ga irin bindigogin nan da idonsa. Na kwance masa duman farko daga bakin zane na ajiye a gabansa. Ya zura yatsa a ramin, ya yi salati.

Ya ce, "Inna, na gaskiyar ba haka ake yi da su ba. Nasu madubin daga nesa ake leƙawa, tsakanin ido da gilashi sai ka sa tafin hannu. Ba mai manna ido."

"To shi a hoto ya gani. A hoton kuma bindigar a tsaye take a ƙasa, ba wanda yake leƙa komai. Ka zo ka faɗa masa."

Ya zo, ba laifi, ya faɗa masa a gabana, a durƙushe. Malam ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Na zamani kake faɗa. Na zamanin Baba daban ne." Na bi Sarkin Baka zaure na ce ya hana shi shiga gasar. Ya sunkuyar da kai.

"Inna, bindigar da nake riƙewa shi ya ƙera wa mahaifina ita. Da wane bakin zan ce masa kada ya harba?"

"To wani ya harba masa."

"Ba a yi. Sabuwar bindiga maƙerinta ne yake fara sa ta a kafaɗa. In ya ba wani, ya nuna bai yarda da aikinsa ba ke nan. Ba wanda zai ƙara kawo masa ko lauje."

Ana cikin haka taubashin Malam ya ji labari. Ɗan ƙanwar babansa ne, tsoho kamarsa, maharbi, bakinsa ba linzami. Tun suna yara suke tsokanar juna, ni ma ban tsira ba, matarsa yake kirana. Ya zo a babur ya yi sallama tun daga waje da ihu.

"Ina bawan nawa mai ido ɗaya? An ce ka ƙera wa bindiga tabarau. Ita ma yanar ce ta kama ta?"

Malam ya ce, "Shigo ka gani, in hannunka zai daina rawa ka riƙe ta."

Ya juya ta, ya leƙa, ya shafa katakon yana jinjina kai, don aikin ya yi kyau, ba ƙarya. Amma bakin nan ba ya iya zama.

"Ni fa tsohuwata ta faɗa min Kawu kuku ne a soja. Dankali yake feraye wa Turawa. Bindigar aro ya yi don a ɗauke shi hoto."

Na daɗe ina zargin haka a raina, don surukin nawa na same shi da rai, ban taɓa ganin ya harbi ko hasbiya ba, amma miya kam ya fi ni iyawa. Sai dai ban taɓa furtawa ba. Na ga wuyan Malam ya kumbura. Ya karɓe bindigarsa a hankali ya jingine.

"Za ka gani a rafi."

Na raka taubashin waje na ce masa, "Allah ya isa tsakanina da kai. Da sauran dama a hannuna, yanzu ka ƙone ta." Na nuna masa duman. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce, "Matar, wallahi ban sani ba." Ya so ya koma ciki, na ce ya hau babur ɗinsa, duk abin da zai ƙara faɗa zuga wuta ne.

Ana jibi gasa Malam ya tafi jana'iza ƙauyen gaba. Na shiga maƙera na sa awartaki na kwance madubin. Ban ɓoye ba. Da ya dawo na tare shi a tsakar gida na ce, "Na cire, yana cikin rijiya. In duka ne ga ni." Ƙarya nake, yana cikin tukunyar daddawa, amma rijiyar na ce. Ya tsaya yana kallona da idon nan ɗaya. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye takalmansa, ya shiga maƙera, na ji yana jan akwatin tarkacensa. Da na leƙa, ga shi zaune da ɗaya ɓarin tabaran a cinya yana zare gilasan, ga wani guntun bututun tagulla a gefe. Na manta abin ido biyu ne da shi.

Wanda zai yi cikin gaggawa zai fi na farkon kaifin baki, ba gammo, ba komai. Na je na zaro na farkon daga tukunya, na goge shi da gefen zane, na ajiye masa a kan uwar maƙera. Ya ɗauka ya shinshina.

"Rijiyar taki daddawa ake jiƙawa a ciki?"

Ban yi dariya ba. Shi ma bai yi ba.

Ranar gasa da hantsi taubashin ya zo ya ɗauke shi a babur, bindigar a naɗe cikin tabarma. Mata ba sa zuwa rafi ranar, sai tsofaffi masu talla. Na dafa gyaɗa na zuba a tire na bi su a ƙafa ta cikin gonaki, kara duk an sare an tsayar. Ko gishiri ban tuna na sa ba.

Na tarar da rafin ya cika. Maharba da rigunan layu, masu garaya, 'yan kallo a kan gaɓa ta wannan gefen, dagaci a kujera a inuwar mangwaro, da ɗan sanda ɗaya da aka turo ya duba bindigogi. Da aka kwance tabarmar Malam sai wurin ya yi tsit. Ɗan sandan ya miƙe tsaye, hannunsa a ɗamara. Ya karɓa, ya juya, ya nemi inda ake sa harsashi bai samu ba, ya leƙa bakin, sai ya fashe da dariya ya ce, "Baba, ka kusa sa ni gudu." Mutane suka yi ca a kanta, kowa yana son ya taɓa. Malam yana tsaye, ƙirji a buɗe. Rabon da in gan shi haka tun kafin yanar ta rufe masa ido.

Na samu wuri a bayan layin masu harbi na ajiye tire. Ƙwaryar tana can nesa a rataye jikin gwafa, a gindin doguwar gaɓa, fara, tana ɗan lilo. Daga inda nake kamar ƙwai.

Aka fara. Kowa ya zo ya miƙe hannu, ya kau da kai, ya saki. Ƙasa ta yi ta tashi a jikin gaɓa, dama da hagu. Wani ya tsinke reshen da ke sama, aka yi masa ihu. Taubashin ya zo nasa, ya harba ko kusa, ya dawo bai yi wa kowa wasa ba. Wata yarinya ta sayi gyaɗa ta dawo ta ce ba gishiri, na ce ta kai wa uwarta ta sa mata.

Sai Sarkin Baka ya ɗaga hannu, masu garaya suka sauya kiɗa. Malam ya fito. Ya ɗura ta a nutse, kowa yana kallo. Ba tsaye ya yi kamar sauran ba, gwiwa ɗaya ya sa a yashi. Ya cire hula ya ajiye a gefe. Ya ɗora gindinta a kafaɗar dama, ya kwantar da kunci a katakon, ya tura idon cikin gammon da na ɗinka da hannuna. Kiɗa ya tsaya.

Ina ganin bakin bindigar yana ɗan yawo, yana tsayawa. Yatsansa ya tafi wajen kunama.

Ban san na miƙe ba, sai ji na yi tiren ya kife a ƙafata.

"Malam!"

Duk rafin ya juyo. Shi bai motsa ba.

"Malam, in ka harba da idon nan, ka zaɓi wanda zai riƙa kai ka masai tun yanzu, ga maza nan cike da rafi. Ni na yi nawa. Kukan da ka yi a ciki ma na ji, ba zan ƙara tsayawa in ji wani ba."

Wani ya ce, "Subhanallahi." Dagaci ya sunkuyar da kai. Tun da nake ban taɓa tona masa asiri a gaban ko mutum ɗaya ba, ranar na yi a gaban gari. Ban zauna ba.

Ya daɗe a yadda yake. Sannan ya janye fuskarsa daga bututun a hankali. Gammon ya bar masa zobe a kewayen ido. Bai kalle ni ba. Na ce a raina shi ke nan, zai tashi, ko ya sake ni a nan ko ya bari sai mun je gida, duk na yarda.

Bai tashi ba. Gwiwa ya sauya. Ya ɗauke bindigar daga dama ya mayar kafaɗar hagu.

Sarkin Baka ya matso da sauri. "Baba, ta nan gefen wutar take fita. Fuskarka za ta..."

"Koma baya."

Ya koma. Malam bai taɓa yin komai da hagu ba, ko guduma. Ya kwantar da kunci ta ɗaya gefen, ya manna mataccen idon nan fari a bakin madubin. Na kirkin yana waje, a buɗe, daidai inda tartsatsi yake tashi in an ja kunama. Yana leƙen ƙwaryar ta gefen bututu, bakin bindigar yana rawa kamar kara a iska. Taubashin yana gefena yana ta "La haula, la haula."

Bakin bindigar ya tsaya. Na ga ya runtse idon kirkin, ya matse shi gam. Ya ja.

Hayaƙi ya rufe shi. Da ya yaye, Malam yana kwance rigingine a yashi, bindigar a gefe, hannayensa biyu a fuska. Jini yana bi ta tsakanin yatsunsa.

Ban san yadda na isa ba, na dai ture wani maharbi har layunsa suka zube. Na durƙusa na ɓamɓare hannayen. Fuskar baƙa ƙirin da albarushi, jini ya wanke ta daga goshi har gemu, ya cika kwarmin idon nan biyu, ba ka gane daga inda yake fitowa. Na ce a ba ni ruwa. Ba wanda ya motsa. Na daka tsawa, wani ya miƙo buta. Na zuba, na sa mayafina ina sharewa. Girar hagu ce ta tsage, har fari-farin ƙashi ana gani. Na danne ta da tafin hannu. Na dama kuma gashin idon duk ya babbake, fatar ta yi ɗigo-ɗigo baƙi, a rufe.

"Buɗe."

Bai buɗe ba.

"Malam, buɗe idon nan."

"Yaji yake min."

"Na sani. Buɗe."

Mutane sun yi mana rumfa. Na ƙara zuba ruwa a hankali. Fatar ta motsa, ta ɗan ɗaga, ta koma, ta sake ɗagawa. Cikin ja wur, hawaye yana zuba. Na sa fuskata a gabansa.

"Kana ganina? Wace ce wannan?"

Ya sa hannu ya ture ni gefe. Ya dafa taubashin ya ɗago zaune, jini yana ɗiga a rigarsa. Ya ce mutane su buɗa, suka dare. Ya ƙanƙance idon yana duban can gindin gaɓa inda ƙwaryar take, ya daɗe.

Ya ce, "Tsinanniya. Ga ta can tana lilo."